Ranar da Na Ce wa Habsu Wuta Ta Mutu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga autata Sahiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar uwa wadda ba ta yankewa. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanina da ke, ina ma jin tarinki daga inda nake zaune. Allah ya tsare min ke a hanyar da za ki kama, ya tsare ki a mota, ya tsare ki a jirgi, ya sauke ki cikin mutanen kirki.

Za ki yi mamakin ganin na rubuto miki alhali muna gida ɗaya. Dalili kuwa bakinki ya fi nawa sauri. In na fara magana, kafin in kai tsakiya kin riga kin ba ni amsa, rabi da Hausa rabi da Faransanci, ni kuma sai in manta inda na dosa. Takarda ba a katse ta. Ki yi haƙuri da rubutun, na makarantar yaƙi da jahilci ne, ido kuma ya fara gajiya.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san shi. Magana ɗaya ce ta tsaya min a rai. Tun babbar Sallah ke da yayanki ba ku gaisa ba. Ga shi za ki tafi Yamai, daga can ki haye teku don karatun da kika ce zai ɗauki shekaru, kuma na ji kina gaya wa ƙawarki motar Maraɗi za ki shiga kai tsaye, ba za ki bi ta Mayahi, inda yake zaune, ba. Wato za ki bar ƙasar nan ba ki yi sallama da wanda kuka sha nono ɗaya ba, don shi yana wata jam'iyya, ke kina wata.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wannan ciwon shi ne karatunki. Kin yi rani guda kina yawo a bayan kabu-kabu da kan amalanke, daga Maijirgi har Gidan Amumune, kina abin da kuke kira anket, kina zaunar da manoma da 'yan kasuwa kina tambayarsu me ya sa suke jefa wa wane ƙuri'a su ƙi wane. Kin faɗa min malaminki, dattijon nan da ya zo ya ci tuwonmu ya yaba miyar, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wannan tambaya, kuma abin da ya gano shi ne yawancin mutane sukan riga su shiga ɓangare, daga baya su nemo dalili. Da kika faɗa, kin ɗauka ban gane ba. Na gane sarai. Kin tambayi mutanen ƙauyuka masu yawa, ba ki taɓa tambayar uwarki ba. To ga tawa amsar, ki haɗa da tasu.

An kawo ni Tasawa daga Baudeta a shekarun da gyaɗa take sarauta. Ke ba ki ga wannan zamani ba. Da kaka, filin awo na bayan kasuwa yakan cika da buhuna, a jera su har su fi soron kowa tsawo, manyan motoci suna kwasa suna yin kudu. Babanku, Allah ya jiƙansa, yaron wani babban ɗan kasuwa ne, shi ke tsayawa a kan ma'auni yana karɓar gyaɗar manoma. Ni kuwa ban san kowa a garin ba sai matar da darni ɗaya ya raba mu, Habsu, matar Malam Sanda tela.

Habsu ta girme ni kaɗan. Doguwa ce mai wushirya, dariyarta kuwa daga bakin rijiya ake jin ta. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, har na yi goyo Amarya take ce min. Ita ta koya min sana'ar da na ciyar da ku da ita: yadda ake soya gyaɗa ba ta ƙone ba, yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a turmi ana juyawa har mai ya taso, yadda ake murza ƙuli-ƙuli. Da na dawo daga wankan jego da yayanki, ya fi sanin bayanta a kan nawa. Maigidana take ce masa. In ya yi kuka sai ta miƙo hannu ta ce, “Ku ba ni mijina, ku ba ku iya lallashi ba.”

A lokacin ba kowace mace ke taɓa ashana ba, ta maigida ce, tana aljihunsa. Abin da muke yi, in an gama tuwo sai a binne garwashi cikin toka. Wani lokaci ya kwana da rai, wani lokaci ya mutu. Wadda tata ta mutu sai ta ɗauki tsingaro ta je maƙwabta ɗiban wuta. Ba a roƙo a kanta, ba a doguwar godiya, kuma ban taɓa jin an hana ba, ko tsakanin matan da ba sa ga maciji da juna. Ni da Habsu muka buɗe 'yar kafa a jikin darni, daidai wucewar hannu da tsingaro. Da asuba sai in ji muryarta: “Amarya, taku na da rai?” In ce, “Tana da rai, miƙo.” Gobe kuma ni ce mai tambaya.

Sai siyasa ta shigo gari, aka ce mata ma za su jefa ƙuri'a. Ba zan rubuta sunayen jam'iyyun ba. Sun mutu, kuma mu mata da launin takardarsu muka fi sanin su: akwai 'yan rawaya, akwai 'yan shuɗi. Ni 'yar rawaya ce, gaba-gaba ma. Da kin zo min da anket ɗinki a lokacin, da na ce miki na bi su ne don za su haƙa rijiyoyi, su gyara cinikin gyaɗa, su rage haraji. Da na faɗa miki har da rantsuwa, kuma a raina ba ƙarya nake yi ba.

Ga yadda abin ya faru. Ubangidan babanku ɗan rawaya ne. Ranar da suka yi taro a ƙofar gidansa, aka ce matan yaransa su zo su yi girki. Ina bakin tukunya zabiya ta hango ni, wani ya raɗa mata ko ni 'yar wane ce, sai ta ɗaga murya ta kama sunan babana, manomin Baudeta wanda ko mai gari bai cika tunawa da shi ba, ta wasa shi a gaban manyan Tasawa. Tsigar jikina ta tashi. Uwar matan jam'iyya, wata mai suna Tabawa, ta taso ta ɗaura min kallabi rawaya da hannunta, ta ce, “Ke tamu ce.” Ki duba fa, yarinya baƙuwa a gari, ba uwa ba uba kusa, a ce mata ke tamu ce. Na koma gida 'yar rawaya, ban ji ko kalma ɗaya daga jawabin da aka yi ba, don ina can wajen kwashe tuwo. Maganar rijiyoyi da haraji daga baya na koye ta, kamar yadda ake koyon waƙa. 'Yan shuɗi ma, ashe, rijiyoyi da haraji suke faɗi.

Kuskurena na farko ke nan. Kaɗaici ne ya kai ni, na ɗauka hankalina ne. Don haka ki zauna ke kaɗai ki tambayi kanki ranar da kika fara jin taki jam'iyyar a zuciya. Kada ki fara da abin da ke cikin littattafansu. Ki tuna wa ke zaune kusa da ke, wa ya raba abincinsa da ke a shekararki ta farko a jami'a, lokacin da kike aiko min cewa kina kukan gida. Ban ce dalilanki na yanzu ba su da kyau ba, mai yiwuwa ma sun fi na kowa. Amma in kin tuna ƙofar da kika shiga ta ita, za ki rage raina wadda yayanki ya bi.

Na biyu na ma'auni ne. Manoma 'yan shuɗi sukan yi gunaguni cewa ma'aunin babanku yana cin gyaɗarsu. Ni in na ji sai in ce hassada ce. Ana nan wata kaka babana ya kawo tasa gyaɗar a kan jakuna. Kunyar surukuta ta hana shi zuwa wajen babanku, ya kai wa mai awo na gefe, wanda ɗan shuɗi ne. Da ya biyo gaishe ni, ya ce awon bai kai inda ya sa rai ba. Na yini ina huci, na ce yau ɓarayi sun taɓa gidanmu. Babanku yana alwala, ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Rabi, ma'aunin nan namu ne. Nasu ya lalace, aro munka ba su. Jiya da shi na yi awo.” Kin san abin da na ce? Na ce to sun taɓa shi bayan sun karɓa. Ƙarfe ɗaya, a hannun namu mai gaskiya, a hannun nasu ɓarawo, kuma ko da aka nuna min ban sauka ba. Babanku ya girgiza kai ya tafi masallaci.

Haka kunnena ya zama. In aka ce wani ɗan shuɗi ya yi abin kunya a Mayahi, ban taɓa tambayar wa ya gani ba, kafin la'asar na kai labarin bakin rijiya, har da ɗan ƙarin gishiri. In aka ce namu ne ya yi, sai in ce a bincika tukuna, mutane ba su da tsoron Allah. Shekarar da damina ta yi kyau muka ce albarkar shugabanninmu ce. Da ta ƙi, muka ce daga Allah ne.

Saboda haka, in labarin ɓarnar abokin hamayya ya zo miki kika ji daɗinsa a ƙirji, daɗin nan shi ne alamar ki dakata. Ki bar labarin ya kwana. Ki tambayi kanki, da a kan naki aka faɗa, wace shaida za ki nema? Ita za ki nema a nan ma. Wannan ya shafi aikinki kai tsaye, don littafi za ki rubuta a kan mutane, kuma waɗanda ba sa ɓangarenki ba za su kasance a wurin ba balle su kare kansu.

Duk wannan bai shiga tsakanina da Habsu ba tukuna. Mijinta shi ke ɗinka tutocin 'yan shuɗi, kowa ya sani, amma ita ba ta zuwa taron kowa. In na ɗaura kallabina sai ta leƙo ta ce, “Amarya, yau kuma kin hito kamar furen kabewa.” Mu yi dariya mu koma kan turmi.

Ranar ƙuri'a tare muka tafi, yayanki a bayanta. A ajin lakkwal, wato makarantar boko, aka yi. Ga yadda ake yi a lokacin: takardu suna kan tebur, kashi biyu. Ki ɗauki ɗaya daga kowane kashi, ki shiga bayan zana, ki sa wadda kike so a ambulan, ki fito ki jefa a akwati. Wadda ta rage, doka ta ce a yar da ita a can. Amma manyan jam'iyyu sun gano dabara. Aka ce kowace mace ta ƙulle ragowar a haɓar zanenta ta fito da ita. Tabawa tana zaune a gindin tsamiya, kowacce daga cikinmu ta je ta kwance ta nuna mata shuɗiyar, shaidar cewa rawaya ta jefa. Can gefe kuma matan shuɗi suna nuna wa tasu uwar. An kafa zana don sirri, mu kuma muka ɗauko sirrin da hannunmu muka kai gindin tsamiya muna murna.

Habsu ta fito hannu sake. Ba ta je gindin tsamiya ba, ba ta je can gefe ba, ta gyara goyo ta tsaya jirana. A hanya na ce mata, “Ina ragowar taki?” Ta ce, “Na bar ta inda anka ce a bari.” Na ce, “To wace kika saka?” Ta dube ni da wushiryar nan tata ta ce, “Amarya, zanar nan da anka kafa, ta mi ce?”

Da yamma Tabawa ta aiko kirana. Ta ce, “Maƙwabciyarki ba ta nuna ba. Ke kin hi kowa saninta. Ta wa ce?” Amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Amma matan jam'iyya suna zaune, duk ido a kaina, na ji tsoron a ce ina ɓoye ta, a daina ce min tamu. Na ce, “Matar tela ce fa. Shuɗi ce.” Daga ranar matan ɓangarenmu suka daina sayen manta. Matan shuɗi kuma, da yake ba ta nuna musu ba, suka ce ai ƙawar 'yar rawaya ce, su ma suka ja baya. Ƙuli-ƙulinta ya riƙa kwana a faifai. Ba ta taɓa tambayata ko ni na faɗa ba, ina jin ta sani.

Kada ki yanke wa mutum abin da ke zuciyarsa daga sana'ar gidansu, ko unguwarsa, ko rigar da ya sa. In ba ki sani ba ki ce ban sani ba, ko da duk ɗakin wata amsa yake jira. Na san a wurinku masu ilimi kalmar nan tana da nauyin faɗi, a wurinmu ma haka take. Mutanen da kuma suka amince suka gaya miki abin da suka jefa, ki riƙe musu amana. Bayan zanarsu kika shiga, da izininsu.

Rawaya ta ci. Aka sami mulkin kai, aka yi kiɗa, na yi guɗa har muryata ta dushe. A tsakanin nan aka haramta ɗaya jam'iyyar. Aka fara zuwa da mota ana ɗaukar mutane, wasu su dawo, wasu a daina jin labarinsu. Malam Sanda ya daina fitar da kekensa ƙofar gida. Aka riƙa cewa duk mai hulɗa da su ana sane da shi. Ba wanda ya ce min in toshe kafar darni. Tabawa ba ta ce ba, babanku kuwa har lokacin wurin Malam Sanda yake kai ɗinkin rigarsa. Ni na samo kara na toshe, na ce wa kaina kaji ne ke shigowa.

Wata safiya cikin damina, an kwana ana ruwa, itace duk ya jiƙe. Ni na yi sa'a garwashina ya kwana, na hura na ɗora kunu. Sai na ji taku a bayan darni. Ta daɗe ba ta kira ni ba, don ta ga karan ta kuma gane. Ta ce, “Amarya, ina kwana. Taku na da rai? Yaran nan ba su sa komi a ciki ba.”

Sahiya, ba kowa a gidan. Babanku bai dawo daga masallaci ba, hanya ba mutum, ba wanda zai gani balle ya kai labari. Wutata tana ci, hayaƙi yana tashi yana tsallake darnin zuwa gidanta. Na ce, “Tamu ma ta mutu.”

Ta tsakanin kara ina ganin ta ɗaga kai tana kallon hayaƙin. Sai ta ce, “To, Allah shi kyauta.” Ba faɗa, ba gori. Yayanki, lokacin ya iya gudu, ya ji muryarta ya sheƙa jikin darni yana kiran Inna Habsu, yana tura 'yan yatsunsa cikin kara. Ta ce, “Maigidana, yi haƙuri, koma wajen innarka.” Na janye shi, ya yini yana kuka. Kunun nan ban iya shan sa ba, amma kuma ban ɗebi wutar na miƙa ba. Wannan ita ce magana ta ƙarshe tsakanina da ita. Kafin a cire gyaɗar wannan shekarar muka tashi da safe muka ga gidansu a buɗe, sun ɗora abin da jaki zai iya ɗauka sun tsallaka iyaka.

Na daɗe ina ce wa kaina tsoro ne. Akwai tsoro, amma ba shi kaɗai ba ne. Kullum ana faɗa a kunnena su kaza ne, su kaza ne, ni ma ina maimaitawa, har ranar da ta tsaya a bayan darnina na ji muryar 'yar shuɗi kafin in ji muryar Habsu. Abin ba rana ɗaya yake shiga mutum ba, shi ya sa mai shi ba ya sanin ya shiga. Ki lura da bakinki. Ranar da kika ji kina cewa “su” alhali kin san sunan mutumin, kin san uwarsa, ki tsaya ki kira shi da sunansa.

Shekaru suka wuce. Fari ya zo, ciwo ya kama gyaɗa, filin awo ya zama makiyayar awaki. Wata safiya rediyo ya ce sojoji sun karɓi mulki, jam'iyyar da na toshe darni dominta ta watse kafin azahar. Ba a jima ba na ga Tabawa tana yi wa sababbin masu mulki guɗa. Kallabin nan kuwa da shi na ƙare ina tace kamu.

Da hanya ta buɗe wa waɗanda suka gudu, Malam Sanda ya dawo sayar da gidan, shi kaɗai, ya tsufa. Kina 'yar ƙarama a lokacin, ba za ki tuna ba. Na tsuguna na gaishe shi na tambayi Habsu. Ya ce ta rasu a can wajen haihuwa, ba su daɗe da zuwa ba. Ya ce, “Kullum tana maganar maigidanta, ko an sa shi lakkwal.” Na yi kuka har ya rasa yadda zai yi da ni. Da na natsu sai na ji bakina ya yi tambayar da ban yi niyya ba. Na ce, “Malam, don Allah, ran nan wace takarda ta jefa?” Ya dube ni ya ce, “Wallahi Rabi ban sani ba. Na tambaye ta, ta ce in tahi in yi ɗinkina.”

Har yau ban sani ba. Mai yiwuwa rawaya ta jefa saboda ni. Mai yiwuwa shuɗi saboda mijinta, ko don wani dalili nata da ba ta ga wanda ya isa ta gaya wa ba. Na hana wuta ga matar da ta koya min abin da na ci abinci da shi, a kan takardar da ban taɓa gani ba. Wannan baƙin cikin yana nan a ƙirjina, kuma da shi za a binne ni.

Yanzu ki dubi abin da ya faru ran Sallah. Ana cin nama, hira ta gangara kan zaɓe. Yayanki ya ce ɗan takararsu ya san wahalar 'yan kasuwa. Kika ce masa, a gaban matarsa da 'ya'yansa, “Yaya, da buhun shinkafa aka saye ku, ba ku ma san abin da kuke zaɓe ba.” Ya ce, “Ku 'yan lakkwal kun ɗauka mu dabbobi ne.” Ya wanke hannu ya tada babur, ya bar rabonsa a faranti. Ina kallonku ku biyu, muryata nake ji a bakin kowannenku. Kin tabbata shinkafa ce ta kai shi? Kin tambaye shi? Kin zauna da baƙi a Gidan Amumune kin saurare su har rana ta faɗi, kina rubuta duk abin da suka ce ba ki katse su ba. Ɗan'uwanki bai samu ko rabin wannan haƙurin ba. Shi ma ya yi laifi, na kuma aika masa da nasa faɗan ta bakin matarsa. Amma ke ce ƙarama, ke ce kuma mai tafiya.

Ban ce ki bar jam'iyyarki ba. Ki riƙe ta, ki yi gardama, ki rubuta abin da kika gano ko da zai ɓata wa manya rai, har da manyan ɓangarenki. Ni ma na jefa tawa a zaɓen da ya wuce, kuka tambaye ni ku biyu na ce kowa ya je ya yi aikinsa, yanzu kin san inda na koya. Malaminki ya san sunan ciwon nan, ke ma kin sani, ni ban sani ba sai da ya gama da ni. Amma sanin sunansa bai hana shi kama ki ran Sallah ba.

Can inda za ki, za ki tarar su ma suna da nasu rawaya da shuɗi. Za a sami wadda za ta ɗaura miki kallabi lokacin da kewa ta dame ki. Ki karɓi alherinta ki gode, amma kada ki bari ta zaɓa miki wanda za ki ƙi. Ki riƙe salla. Ki ci abinci, kada ki zauna da shayi kawai kamar yadda kika saba in karatu ya yi zafi. In maƙwabciya ta ƙwanƙwasa tana neman abu, ki ba ta kafin ki san ta wane ɓangare ce.

Saura maganar guzuri. Kin tambaye ni ina ƙuli-ƙulin da kika ga ina murzawa, da kilishi da dakkuwa da yaji, da bargon babanku da kika ce kina so saboda sanyin can. Na ce miki suna nan. Suna nan ɗin, amma a Mayahi. Na ba direban motar kasuwa ya kai gidan yayanki. Ban ce masa za ki zo ba, ban ce ba za ki zo ba. Matarsa ta aiko cewa da kansa ya shigar da kayan ɗakinsa, ya hana yara taɓawa, kuma tun ranar yake tashi daga kasuwa da wuri. Daga Mayahi akwai motar Maraɗi, ba za ki rasa jirginki ba.

Kina iya fushi ki ce tsohuwa ta yi miki dabara. Na yi. Kina kuma iya tafiya ba guzuri, ba zan janye addu'ata ba ko ta ina kika bi. Amma ki sani, mutumin nan da ke dawowa gida da wuri yana sauraren tsayuwar mota, shi ne yaron da ya tura yatsunsa cikin darni yana kuka ran nan. Sau ɗaya na raba shi da mai ƙaunarsa a kan launin takarda, ba a kuma dawo min da ita na gyara ba. Ki je ki yi sallama a ƙofarsa. Ba sai kun shirya a kan siyasa ba. Ki ce, “Yaya, ina wuni,” ki zauna ki ci abin da aka ba ki.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo min da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, naki da na mutane. Ya ba ki ilimi mai amfani da zuciyar da za ta iya ɗaukarsa. Ya jiƙan babanku, ya jiƙan Habsu, ya sa ta yafe min. In da rabo, in gan ku ke da yayanki a tabarma ɗaya kafin a rufe min ido. In babu, ya ishe ni in ji an ce kin bi ta Mayahi.

Ni ce mai yi miki addu'a safe da yamma,
Innarki, Rabi
Tasawa